Yadda ake nazarin tsofaffin fastocin finafinan ban tsoro: alamomin nau'i da matsayin mace da namiji

Fastar fim talla ce. An zana ta ne don mai wucewa ta ƙofar sinima ya tsaya ya sa hannu a aljihu, ba don ta faɗi gaskiyar abin da ke cikin fim ba. A shekarun 1950 kamfanin American International Pictures na James Nicholson da Samuel Arkoff ya yi suna da wata dabara: a fara ƙirƙiro suna da fasta, a nuna wa masu gidajen sinima, in sun yi na'am sannan a nemo mai rubuta labari. Ke nan abin da ke jikin takardar shi ne abin da 'yan kasuwa suka yi imani zai ja jama'a, shi ya sa sau da yawa fasta ta fi fim ɗin kansa tona yadda zamaninta ke kallon mace da namiji. Matakan da ke tafe sun shafi fastocin Amurka da Ingila ne, daga shekarun 1920 zuwa ƙarshen shekarun 1970, zamanin da galibi da hannu ake zana su.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Hoton fastar mai kyau, wanda tsawonsa bai gaza fiksel 1,500 ba, kuma ba a yanke masa farin gefe ba, domin a gefen ne bayanan bugu suke. Sai ka buga shi kala a takardar A4, ka nemi rula, fensir, biro launi uku, da takarda shara-shara wadda ake ɗorawa a kan hoto a kwafa. Shafukan kamfanonin gwanjo irin su Heritage Auctions sun fi ko'ina amfani, saboda suna rubuta girman takarda, da shekara, da ƙasar da aka buga ta. Kada ka tsaya a fasta ɗaya. Tara 12 zuwa 20, kamar biyu ko uku daga kowane shekaru goma, domin ba a gane al'adar nau'in fim sai an ga abin da ke maimaituwa.

Mataki na 1: Tabbatar da wace fasta ce a hannunka

A nan aka fi yin tuntuɓe. Mutum zai rubuta shafi uku a kan "fastar Dracula ta 1931", alhali abin da ya sauke daga intanet bangon faifan DVD ne, ko zanen da wani masoyi ya yi shekaran jiya. Duk hukuncin da aka gina a kan haka ya rushe.

Fara da girma da siffa. Babbar fastar Amurka ta wancan zamani inci 27 ne a 41, a tsaye. Akwai rabin takarda mai inci 22 a 28, da doguwa siririya mai inci 14 a 36, da katunan zauren sinima masu inci 11 a 14 waɗanda kan zo takwas-takwas. Ta Ingila a kwance take, inci 30 a 40. Babbar ta Faransa santimita 120 ce a 160. Siffar takarda tana canza tsarin zane: a ta tsaye dodo kan hau sama mace ta dawo ƙasa, a ta kwance kuwa akan jera su gefe da gefe, kusan fuska da fuska. In ka kwatanta ta Amurka da ta Ingila ba ka kula da wannan ba, sai ka ɗora wa al'ada abin da faɗin takarda ne ya jawo.

Sai ka leƙa farin gefen ƙasa. Daga wajen 1940 kamfanin National Screen Service ne ke rarraba yawancin fastocin Amurka, kuma yakan buga lamba a kusurwar ƙasa ta dama. Lambobi biyun farko shekara ce: in ka ga 54 kafin karan tsaga, ta 1954 ce. In akwai harafin R a gaba, an sake fitar da fim ɗin ne. Wannan R ɗin yana da muhimmanci ƙwarai. An haɗa Dracula da Frankenstein an sake nuna su tare a 1938, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Realart ya yi ta sake fitar da tsofaffin finafinan kamfanin Universal da sababbin zane-zane. Fastar Realart tana ba ka labarin kasuwar 1950 ne, ko da fim ɗin na 1931 ne.

Ka kuma sani cewa babban fim kan fito da fasta fiye da ɗaya a lokaci guda, a kira su salon A, salon B, haka nan. Wata ta cika da fuskar dodo, wata ta sa mace a gaba. Rubuta salon da kake nazari, ka nemi sauran ka gani.

Mataki na 2: Kallo uku kafin ka fara fassara

Na farko, rage hoton a wayarka har ya koma kamar girman babban yatsa. Abin da ya rage ana iya ganewa shi ne ƙugiyar tallar, abin da mai tsallaka titi zai hango. Rubuta shi da kalma biyar ko ƙasa.

Na biyu, mayar da hoton baƙi da fari. Inda ya fi haske can ido zai fara sauka. A fastoci da yawa za ka tarar fatar macen ko farar rigarta ce wuri mafi haske, ko da dodon ya fi ta girma sau uku.

Na uku, rufe duk rubutu da 'yan takardu ka nuna wa wanda bai san fim ɗin ba. Tambaye shi wane irin fim ne, kuma me ya sa ya ce haka. Abubuwan da zai lissafa su ne alamomin nau'in da suke aiki da gaske.

Bayan haka ka bayyana abin da ke cikin zanen ba tare da hukunci ba. "Mace kwance, kanta ya rataya baya, idanunta a rufe" bayani ne. "Mace mai rauni" fassara ce, lokacinta bai zo ba tukuna.

Mataki na 3: Tattara alamomin nau'i

Zana jadawali, kowace fasta da layinta, ka sa gurbi na launi, na wuri, na dodo, na makami, na siffar haruffa, na haske.

Launi. Kore mai ɗaci da rawaya a fuska suna nufin gawa ko ruɓa, ja na jini da sha'awa, baƙi da shuɗi mai duhu na dare. Ka tuna finafinan Universal na shekarun 1930 da 1940 kusan duk baƙi da fari ne. Saboda haka duk launin da ka gani a fastarsu zaɓin mai zane ne da sashen talla, ba kwafin fim ba. A fastar Creature from the Black Lagoon ta 1954 an yi wa dodon ruwan jan leɓe, abin da mai kallo ba zai taɓa gani a majigi ba.

Wuri. Tsohuwar fada a kan dutse, maƙabarta, hazo, farin wata, jemagu, saƙar gizo: waɗannan na zamanin Universal ne da na kamfanin Hammer na Ingila. A shekarun 1950, lokacin fargabar makamin nukiliya, sai wuri ya koma birni, gada, babban titi, jama'a suna gudu. Daga ƙarshen shekarun 1960 tsoro ya shigo cikin gida: keken jariri a fastar Rosemary's Baby ta 1968, ƙofar wani gida a ƙarƙashin fitilar titi a ta The Exorcist ta 1973, wadda Bill Gold ya tsara.

Haske. In an haska fuska daga ƙasa, inuwar hanci da ta gira sai su juye sama, fuskar ta fita daga kamannin da ido ya saba. Duba wa aka haska haka, wa aka haska daga gaba da taushi. Kusan kullum na farko dodo ne, na biyu mace.

Haruffa. Masu ɗiga kamar jini, masu karkarwa, masu kama da dutse, masu tsagewa. Sunan Psycho na 1960, wanda Tony Palladino ya zana, a yage yake kamar an keta takarda.

Kada aikin ya tsaya a lissafi. Nau'in fim yana rayuwa ne da abu biyu: maimaita abin da aka sani don mai kallo ya gane kayansa, da sauya wani abu don ya ga dalilin sake biyan kuɗi. Don haka a kowace fasta ka ja layi ƙarƙashin abu ɗaya da ta karya. Fastar Amurka ta Dracula Has Risen from the Grave ta 1969 ba ta nuna dodon ba sam. Hoton wuyan mace ne da filasta biyu a manne inda ya kamata a ga cizo. Wannan barkwancin ba zai yi aiki ba sai don an shafe shekaru ana nuna wa jama'a wuyan mace da fiƙoƙi.

Mataki na 4: Auna jikin mace da na namiji

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma da rula ake yin sa.

Ɗora takarda shara-shara a kan hoton, ka raba ta gida goma a tsaye, goma a kwance, ya zama gida 100. Zagaye mace da jan biro, dodo da baƙi, sauran maza da shuɗi. Ƙirga gidajen da kowa ya cika, wanda ya cika rabi ka ba shi rabi. Adadin da ka samu shi ne kason da ya ci cikin ɗari. Yanzu kana da lambar da za ka iya kwatantawa tsakanin fastoci 20, maimakon "macen ƙarama ce".

Daga nan sai ka bi jiki gaɓa-gaɓa. Tambayoyi huɗu suka fi ba da amsa.

Ƙafafu: suna taka ƙasa? Wanda ke tsaye da ƙafarsa yana iya gudu ko faɗa. Wadda aka ɗauka a hannu, ko take kwance, an cire mata wannan zaɓin. Hoton dodo ɗauke da sumammiyar mace shi ne alamar da ta fi kowace daɗewa a wannan fanni. Yana cikin fim ɗin Jamus na 1920, The Cabinet of Dr. Caligari, inda Cesare ya saɓi Jane ya bi ta kan rufin gidaje da ita. King Kong na 1933, ƙaton goggon biri, ya riƙe mace a tafin hannu ɗaya a saman dogon bene. Kwanciyar da kai ya rataya baya, hannu ya saki, ta ma girmi sinima: haka Henry Fuseli ya zana macen da aljani ya hau wa ƙirji a zanensa na 1781.

Hannuwa: me suke yi? Na namiji kan riƙe bindiga, wuƙa, tocila, gicciye, ko su damƙe wani. Na mace kan rufe baki, su kare fuska, su dafa ƙirji, ko su yi laƙwas. Rubuta aikatau ɗaya tak ga kowane mutum a cikin zanen: kama, sara, ceto, ihu, suma. In ka jera aikatau ɗin maza a gefe guda, na mata a ɗaya gefen, bambancin zai fito ba sai ka yi dogon sharhi ba.

Idanu: wa ke kallon wa? Ja kibiya daga idon kowa zuwa inda yake duba. Dodo kan kalli macen ko ya kafe mai kallo da ido. Ita kuwa idonta a rufe, ko ya kauce gefe, ko yana kan dodon cikin firgici. A nan ne maganar masaniyar finafinai Laura Mulvey ta 1975 ke shigowa, cewa finafinan Hollywood sun saba ajiye namiji a matsayin mai kallo, mace a matsayin abin kallo. Yi amfani da ita bayan ka ja kibiyoyin, kada ka fara da ita. Ɗalibai da yawa kan liƙa sunan Mulvey a sakin layi na farko, daga nan komai suka gani sai ya zama hujjarta, har fastar da macen ce ke zare wa mai kallo ido.

Sutura: nawa aka rufe, kuma ta dace da wurin? Rigar barci a maƙabarta, rigar iyo, doguwar riga da ta yage a kafaɗa ko cinya. Gwada da na mazan da ke gefenta, waɗanda galibi suna cikin kwat ko kayan aiki har wuya. Kula da launin: fara na nuna tsarki da amarci, kuma jini ya fi fitowa a kanta, ja kuwa na nuna sha'awa ko haɗari. A fastar The Mummy ta 1932, wadda Karoly Grosz ya zana, gawar Boris Karloff a naɗe ta mamaye sama da launin ƙasa da kore, hannuwa a harɗe a ƙirji, ido a rufe. Zita Johann tana ƙasa cikin jar riga mai buɗaɗɗen wuya. Ta fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma jan nan ne ke fizgar ido. Ƙirgen gidaje kaɗai zai ce ba ta da muhimmanci, gwajin launi ya ce ita ce rabin tallar. Shi ya sa ake haɗa ma'auni biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

Kada ka manta da mutum na uku, wato jarumi mai ceto. Mutane kan shagala da dodo da mace su tsallake shi. A fastoci da yawa ɗan mitsitsi ne a kusurwa, wani lokaci ma babu shi. A ta dodon ruwan nan ta 1954 mazan da suka zo ceto ƙanana ne can gefe, dodon da macen su suka ci fili. Wato ma'auratan da ake tallatawa su ne dodo da mace, jarumi ɗan rakiya ne. Ƙarfi, girma da sha'awa duk an ba dodo. Wannan magana ce a kan yadda ake nuna mazantaka, kuma nazarin da ya tsallake ta rabin aiki ya yi.

Mataki na 5: Karanta rubutun

Abu uku ne: suna, kirari, da jerin sunayen 'yan wasa.

A kirarin fim, wato gajeren layin talla, nemi kalmomin soyayya da aure. Za ka yi mamakin yawansu. An fara nuna Dracula a Niyok a watan Fabrairun 1931, dab da ranar masoya, kuma an tallata shi a matsayin labarin wata baƙuwar soyayya. Tallar Dracula na Hammer na 1958, wanda Christopher Lee ya fito a ciki, ta kira shi masoyi mai ban tsoro, ta kuma tambayi wadda za ta zama amaryarsa a daren. Wannan ya rusa wani zato da ake yawan yi, cewa maza kaɗai ake wa tallar. Kamfanonin suna neman kuɗin mata, da na saurayi da budurwa da suka fito tare. Saboda haka ka tambayi kanka: macen da ke zanen an sa ta ne don namiji ya kalla, ko don mace ta sa kanta a matsayinta ta ji tsoron, ko duka biyun?

A jerin sunaye, auna tsawon haruffa da rula, ka duba wa ke gaba. A fastar Frankenstein ta 1931 sunan Karloff na huɗu ne, bayan Colin Clive, Mae Clarke da John Boles. Shekara guda bayan haka sunansa kaɗai ya isa sayar da fim. Kwatanta girman jikin 'yar wasa a zane da girman sunanta a rubuce. In jikin ya ci kashi 25 cikin ɗari, sunan kuwa sai an matso kusa ake karanta shi, ka rubuta wannan tazarar. Waɗanda ba a ambata ba su ma abin lura ne: Milicent Patrick, macen da ta yi aikin zana kamannin dodon ruwan 1954, sunanta bai fito a fastar ba.

Mataki na 6: Gwada fastar da fim ɗin

In da hali ka kalli fim ɗin, ko aƙalla ka karanta cikakken labarinsa. Tambaya ɗaya kake nema wa amsa: abin da aka zana ya faru?

Sau da yawa bai faru ba, kuma a wannan giɓin ne hujja mafi ƙarfi take, domin babu wanda zai ce labari ne ya tilasta. Fastar Forbidden Planet ta 1956, fim ɗin kimiyya ne amma ya aro rigar na ban tsoro, ta nuna mutum-mutumin Robby ɗauke da sumammiyar mace. A cikin fim ɗin Robby hadimi ne mai biyayya, bai sace kowa ba. Fastar Attack of the 50 Foot Woman ta 1958, zanen Reynold Brown, ta nuna ƙatuwar mace ta ware ƙafa a kan babbar gadar mota tana riƙe da mota a hannu, kuma babu wannan wurin a fim ɗin. Amaryar da ke sunan Bride of Frankenstein na 1935, wadda Elsa Lanchester ta fito, 'yan mintoci kaɗan ta yi a ƙarshen fim. A fastar Psycho Janet Leigh ce ta fi kowa girma, cikin kayan ciki, alhali an kashe ta kafin fim ya kai rabi, kuma 'yar'uwarta da Vera Miles ta fito ce ta bi sawu har ta gano abin da ke ɓoye a gidan.

Ware gurbi a jadawalinka mai amsa uku: ya faru, an ƙara gishiri, ƙirƙira ce.

Mataki na 7: Mayar da ita zamaninta

Kafin ka ce wata fasta ta nuna "ra'ayin al'umma", duba dokar da mai zane ke ƙarƙashinta. A Amurka an rubuta ƙa'idojin tace finafinai a 1930, amma sai a tsakiyar 1934 aka fara tsananta aiki da su ƙarƙashin Joseph Breen, kuma tallace-tallace ma suna da nasu ƙa'idojin. A watan Nuwamban 1968 aka maye gurbinsu da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. A Ingila an fito da shaidar H don finafinan ban tsoro a shekarun 1930, sannan shaidar X a 1951 ga 'yan shekara 16 zuwa sama, aka ɗaga ta zuwa 18 a 1970. Don haka in ka ga tsiraici da jini sun ƙaru a fastocin Hammer bayan 1970, kamar lokacin The Vampire Lovers na Ingrid Pitt, sashe na dalilin sassaucin doka ne da gasa da talabijin, wadda ba ta iya nuna irin wannan. Raba fastocinka gida huɗu: kafin 1934, daga 1934 zuwa tsakiyar shekarun 1950, daga nan zuwa 1968, sai bayan 1968.

In ka samu littafin talla da kamfani ke aika wa masu sinima tare da fim, ka yi dace. A ciki ake jera duk salon fastoci da dabarun jan jama'a, irin su ajiye ma'aikaciyar jinya a zaure wai don masu suma. Mai shirya finafinai William Castle ya kai abin ƙololuwa a 1958, da ya ba kowane mai tikitin fim ɗinsa Macabre inshorar dala 1,000 idan tsoro ya kashe shi. A irin wannan littafin kamfani da bakinsa yake faɗin wanda yake farauta.

Mataki na 8: Nemo waɗanda suka saɓa

Da gangan ka sa aƙalla fasta uku da macen ce abin tsoro. Dracula's Daughter na 1936. Cat People na 1942, inda Simone Simon ke tsaye cikin jar riga, baƙar damisa a bayanta. Carrie na 1976, mai hoto biyu na Sissy Spacek, ɗaya tana murmushi da kwalliyar biki, ɗaya jina-jina. Masaniyar finafinai Barbara Creed ta yi nazari a 1993 a kan macen da ake mayarwa dodo, inda ta nuna tsoron kan fito ne daga jikinta: sha'awarta, jininta, haihuwarta.

A nan a yi hattara da saurin murna. Ganin mace tsaye tana ruguza gari ba ya nufin an 'yanta ta. Maimaita awon mataki na 4. Macen nan mai tsawon ƙafa 50 tana taka ƙasa, hannunta na aiki, ta fi kowa girma, amma suturarta 'yar ƙyalle ce kuma tsayuwarta ta masu tallar jiki ce. Dodo namiji ana barinsa da muninsa. Dodo mace kusan kullum sai an bar mata kyau. Ma'auni uku sun canza, ɗaya bai motsa ba, kuma haka za ka rubuta shi.

Akwai kuma fastar da babu mace sam. Ta Halloween ta 1978 kabewa ce da hannu riƙe da wuƙa, duk da cewa yarinyar da Jamie Lee Curtis ta fito ce ta tsira a ƙarshe, irin wadda masaniyar finafinai Carol Clover ta yi wa laƙabi da yarinyar ƙarshe. Rashin nuna ta ma bayani ne, sai a sa shi a jadawali.

Launin fata ba ya rabuwa da wannan lissafi. Macen da ake ɗauka kusan kullum farar fata ce, sau da yawa mai gashi ruwan zinariya, mai ɗaukar ta kuwa baƙi ne ko kore, kuma daga wata duniya ya fito: tsibiri, kogin Amazon, Masar, gabashin Turai. The Mummy ya zo shekara goma bayan gano kabarin Tutankhamun a 1922, lokacin da Turawa ke ɗokin Masar suna kuma tsoronta. Ƙara gurbi biyu a jadawali: launin wanda ake kai wa hari, da inda dodon ya fito. Blacula na 1972, da William Marshall, ya dace a sa shi a gefe don a ga abin da ya canza da aka fara yi wa baƙaƙen fatar Amurka talla kai tsaye.

Mataki na 9: Rubutawa

Kowane sakin layi ya ɗauki abu huɗu a jere: abin da ka gani da awonsa, ma'anar da ka ba shi, dalili daga zamanin, sai kwatanci da wata fasta. Misali, ka faɗi kason da macen ta ci da yadda ƙafarta da idonta suke, ka ce wannan ya mayar da ita abin da ake yi wa aiki, ka kawo kirarin da ya goyi bayan haka, sannan ka nuna fastar da ta yi akasin haka da shekararta.

Faɗi lissafinka yadda yake: "a 11 daga cikin fastoci 16 da aka duba". Kada ka mayar da shi "duk finafinan ban tsoro". Fastocin da suka yi suna a intanet su ne waɗanda masu tara kayan tarihi ke rububi, kamar ta Dracula da aka sayar dala 525,800 a 2017, kuma zaɓinsu ba shi ne hoton duk abin da aka buga ba. Ka kuma bambanta abin da fasta ta yi niyyar sa mutane su ji da abin da suka ji. Na farko yana jikin takarda. Na biyu sai da wata shaida, kamar jaridun lokacin.

Awon nan yana aiki a kan fastocin wasu ƙasashe, irin na finafinan ban tsoron Indiya na gidan Ramsay kamar Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, ko waɗanda masu zane a Ghana suka riƙa yi a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990 don masu yawo da bidiyo. Sai dai ma'anar launi da sutura ba ta tsallaka iyaka yadda take. Farar riga a fastar Ingila amarci take nunawa, farin sari a ta Indiya kuwa na takaba ne da fatalwa, ja ne na amarya. Gidaje 100 da kibiyoyin ido za ka iya ɗauka yadda suke, amma gurbin launi da na dokokin tacewa sai ka sake cika su daga tarihin ƙasar da aka buga fastar.